Makullin Rumbun Iri

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a ƙofar masana'antar da ke bakin ƙauyenmu na Dayu. A takarda sunan abin da ake yi a cikinta itanol ne, amma ban taɓa jin ɗan garinmu ya kira shi haka ba, giyar mota muke cewa. Masara ake niƙawa a jiƙa ta tsimu, a tace, a kai a haɗa da fetur. Aikina shi ne in hau kan kowace babbar mota da ta zo da lodi, in soka bututun ƙarfe a cikin masarar in zaro kaɗan, in auna danshinta in duba funfuna. Abin da na rubuta shi ke yanke farashin lodin. Shi ya sa direbobi ke ce mini Yaya Luan a gabana, in na juya baya kuma su ce Mai Ƙarfe.

Abin ya faro ne a shekara ta biyu bayan gwamnati ta daina sayen masararmu a tsayayyen farashi. Shekara takwas aka yi ana saye ana tarawa, har rumbunan gwamnati suka cika aka koma jibgewa a fili ana rufawa da tamfol. Da ta fara lalacewa sai aka shiga yin gwanjonta ga masana'antu irin tamu da araha ƙwarai. Mu a masana'anta kakarmu ta yanke saƙa, aiki ba hutu. Amma mijina Chi Baoku manomi ne, kuma sabuwar masararsa da a da yake sayarwa sama da yuan ɗaya kowane jin, wato rabin kilo, ta dawo mao bakwai, alhali mao goma ne yuan ɗaya. Wa zai sayi sabuwa da tsada ga tsohuwa a banza? Kullum in na dawo sai ya ce ga matar da ke kashe masa kasuwa da safe ta ciyar da shi da yamma. Ni kuma in ce ya yi shiru ya ci, tun da kasuwar tasa ba ta sayi ko gishirin da ke cikin miyar ba.

Mahaifina, Luan Deshui, yana zaune tare da mu a ɗakin gabas tun bayan rasuwar innarmu. Shekarunsa saba'in da tara a lokacin. Duk rayuwarsa a aikin rumbu ya yi ta, daga na ƙauye har na gwamnati, kuma mutum ne da ba ya barin ko ƙwaya ɗaya a kwano. Muna yara in ɗayanmu ya zubar da abinci ba ya duka, ba ya faɗa, sai dai ya durƙusa ya tsince ya cinye a gabanka. Wannan ya fi mana bulala ciwo.

Gidanmu yana daidai kwanar da motocin ke karyawa su nufi masana'anta. Duk wadda ta karya sai masara ta zubo ta ƙarƙashin tamfol. Da sanyi ya shiga, Baba ya fara fita da tsintsiya da ƙaramin kwando yana sharewa. Ba mu hana shi ba. Baoku ma cewa ya yi gara haka da ya yini a kan kang, gadon bulon da ake ɗumamawa da wuta ta ƙasa, yana kallon bango.

Wata rana na dawo cin abincin rana na same shi tsaye a bakin kwatar da ke gefen titi. Sanyin ranar na daskarar da numfashi a gashin ido, shi kuwa ba hula a kansa, ya miƙa kwandon gaba da hannu biyu kamar mai ba wani. Ba kowa a gabansa, sai ƙanƙara da busassun karan masara. Na kira shi, ya juyo a hankali.

"Kin tsorata ta, Auta," ya ce.

Na tambaye shi wa. Ya ɗauki hularsa daga ƙasa ya bi ni gida.

Kwana kaɗan bayan haka na lura ƙaramin kwanonmu mai shuɗin baki ya ɓata. Na same shi a gindin bishiyar da ke kwanar, da faten tsaki a ciki ya daskare kamar dutse. Da na bincika ɗakinsa sai na ga turmi da tukunya a bayan kang. Ashe in mun fita yakan daka masarar da ya sharo, ya dafa, ya ci rabi ya kai rabi gindin bishiyar. Raina ya ɓaci sosai, don ni na san abin da ke cikin masarar nan. Wadda ta shekara biyar a ƙarƙashin tamfol, ƙwayarta ta dushe, in ka fasa sai ta zama gari mai warin tsohon ɗaki. Akwai lodin da ko dusarsa ba a yarda a ba aladu ba. Na gaya masa guba ce, tana cin hanta, na nuna masa buhunan sabuwar masara da ke jibge a tsakar gida ba mai saye, na ce in fate yake so ga ta nan har ya gaji.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ba tamu take so ba, ta rumbu take so. Daga nan ya roƙe ni in kai shi ya ga inda ake kai masarar.

Manajan sashenmu, Zang, mutum ne mai son a ga aikinsa. Da na ce masa tsohon ma'aikacin rumbu ne ke son zagayawa, da kansa ya zo ya ba Baba hular kwano ya shiga gaba. Ya nuna masa injinan niƙa, da manyan tukwanen tsimi masu tsayin bene huɗu, yana bayani da ƙarfi saboda ƙara. Tan uku na masara ke ba da tan ɗaya na giyar, in ji shi, abin da ya rage kuma a busar a sayar wa masu kiwo, kuma sau da yawa a wannan dusar ribar take. Ya ce harkar gaba ɗaya a kan igiya biyu take rataye, farashin masara da farashin fetur. In masara ta yi araha fetur ya yi tsada, kowa ya sha daɗi. In suka juya, kowane tan da aka tace asara ce. Baba yana ta gyaɗa kai.

Da muka isa ramin da motoci ke juye lodi sai ya tsaya. Wata mota ta ɗaga bayanta, tan talatin suka gangara ta tsakanin ƙarafa cikin 'yan mintuna, ƙura ta tashi. Wata ta matso. Baba ya tambayi Zang mutum nawa lodi ɗaya zai ciyar a lokacin sanyi guda.

Zang ya yi dariya ya ce, "Baffa, wannan ai ba ta mutane ba ce. Da ba mu ƙona ta a mota ba, ruɓewa za ta yi a banza."

Baba ya ce gaskiya ne, ya yi masa godiya.

A hanyar fita sai an ratsa ta filin da motoci ke jiran layi. Fili ne babba da aka zuba wa kankare, ba abin da aka bari na dā sai wata tsohuwar bishiya a kusurwar gabas. Baba ya nufi bishiyar, ya jingina bayansa da ita, ya fara takawa yana ƙirge a hankali. A taku na arba'in da biyu ya tsaya, tsakanin wasu motoci biyu da injinansu ke aiki. Ya ce nan ne ƙofar rumbun iri na ƙauyenmu take a dā. A nan, cikin hayaƙin motoci da tsakar rana, ya ba ni labarin da ko innarmu ban tsammanin ta taɓa ji daga bakinsa ba.

A sanyin shekarar da aka yi babbar yunwa a ƙasarmu yana da shekara ashirin da biyu. Shi aka damƙa wa makullin rumbun iri, saboda an san ba ya sata, kuma ba shi da mata ko 'ya'yan da za su karya masa zuciya. An gaya masa abin da zai same shi in buhu ɗaya ya ragu. Amma ya ce ba tsoron ne ya fi riƙe shi ba. Ya san in aka cinye irin, ba abin da za a shuka in ƙanƙara ta narke, kuma ƙauyen gaba ɗaya ya ƙare. A lokacin mutane totuwa suke niƙawa su haɗa da ɓawon itace. A cikin rumbun yake yini, a ciki yake kwana, ya kulle kansa ta ciki.

Akwai wata mata, Yurong, matar Gai na Biyu. Mijinta ya riga ya mutu tun farkon sanyin, ya bar ta da 'ya mai shekara huɗu. Ta zo ƙofar rumbun ta ƙwanƙwasa. Ba buhu ta roƙa ba, ba ma kwano ba. Safar hannunta ta cire ta turo ta ƙarƙashin ƙofa, ta ce ya cika mata ita kawai. Ya mayar mata da safar wayam. Washegari ta dawo, jibi ma ta dawo. Ba ta zage shi ba, in ji shi, sunansa kawai take kira, ƙanena Deshui, ƙanena Deshui. Shi kuwa yana zaune a ciki ya jingina bayansa da ƙofar, yana jin motsinta ta cikin katako. Ya san in ya ba ta, kafin rana ta faɗi gida sittin za su zo da safar hannu.

A rana ta uku da la'asar ta daina kira. Ya ɗauka ta tafi gida. Da gari ya waye ya buɗe ƙofa sai ta faɗo masa a ƙafa, a zaune, a sandare. A tafin hannunta akwai ƙwayar masara biyar da ta ƙwaƙulo daga tsagar dokin ƙofa, ba ta ci ba.

Ƙasa ta daskare ba ta haƙuwa. Ya ɗauke ta ya kwantar a kwatar da ke bayan rumbun ya rufe da kara, sai da bazara ta zo ya binne ta a wurin, shi kaɗai. 'Yar kuwa wani kawunta ya zo ya tafi da ita. Aka shuka irin, aka yi girbi, ƙauye ya rayu, shi kuma aka ba shi takardar yabo.

Na ce masa, "Baba, da ka buɗe, da ni ma ba a haife ni ba."

"Na sani," ya ce. "Ita ma ta sani. Shekara hamsin da bakwai ba ta taɓa zuwa ba. Sai yanzu da ta ga ana buɗe rumbuna ana zuba wa motoci." Ya dubi layin motocin har ƙarshensa. "Cikin safar hannu ɗaya, Auta."

Ni ban taɓa ganinta ba, wannan zan faɗa a fili. Amma daga ranar aikina ya canja mini. In ina kan mota ina soka bututu, sai in ga ina kauce wa kallon kusurwar gabas. Warin tsimi da na shekara goma ban ƙara jinsa ba saboda sabo ya dawo mini a hanci, kamar an bar tukunyar fate a kan wuta a gidan da ba kowa. Wata rana wani direba daga nesa, wanda bai san kowa a Dayu ba, ya ce mini ya kamata mu ja kunnen matar nan da ke tsintar masara a ƙarƙashin motoci, kafin wani ya taka ta. Na tambaye shi wace irin tufa ta sa. Ya ce bai lura ba, shi dai ya gan ta a madubi, da ya sauko kuma bai gan ta ba. Matan ƙauye sukan saci jiki su shigo tsinta, wannan ba sabon abu ba ne. Haka na gaya wa kaina, amma sai da na zauna a kan lodin na ɗan lokaci kafin in sauko.

Baoku ne ya ce a nemo 'yar. Duk surutunsa, da na ba shi labarin bai yi wasa ba. Ya yi ta tambayar dillalan iri da masu sayen kaji har aka ce masa akwai wata Gai Fengyun a ƙauyen Heishi, tafiyar awa uku a bas, mai kiwon dinya, manyan agwagin nan, wadda aka ce asalinta 'yar Dayu ce. Da ƙanƙara ta narke na ɗauki hutun kwana ɗaya muka tafi da Baba. Ya sa rigarsa ta fita.

Mun same ta a cikin garken dinya da bokiti a hannu, mace kakkaura mai babbar murya, ta haura sittin. Da ta ji daga inda muke da inda nake aiki, sai ta ce a gaishe mata da masu masana'anta, don tun da masara ta faɗi take samun barci, dinyoyinta na ci suna ƙoshi. Ta ce in gaya wa mijina ya daina kuka ya koma kiwo. Ta shigar da mu ɗaki tana ta zuba, har sai da Baba ya durƙusa a gabanta a kan siminti ya sa goshinsa a ƙasa.

Ta tsaya tana kallonsa. Ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage komai ba, har ƙwaya biyar ɗin. Ina kallon hannunta a kan bokitin da ta manta ba ta ajiye ba. Da ya gama ta ce ya tashi, ƙasar da sanyi. Ta fita. Muka ji kukan dinya a waje, sannan ƙarar wuƙa a kan katako. Awa guda ta yi tana girki ba ta leƙo ba. Ta kawo naman dinya da dankali da kabeji mai tsami, ta zuba wa Baba da kanta, ta zauna tana kallonsa har ya fara ci.

Sai ta ce, "Baffa, yaya kamanninta?"

Ba ta da hoto. Kawun da ya riƙe ta ba ya son maganar, kuma ya daɗe da mutuwa. Abin da take tunawa kawai shi ne bayan wata mata da ke fita daga ƙofa. A duniya ba wanda ya rage da ya san fuskar uwarta sai mutumin da ya hana ta masara.

Baba ya ajiye tsinkayen cin abinci ya fara faɗa. 'Yar siririya ce, doguwa, tana da wushirya. Rigar sanyinta shuɗiya ce da jan faci a gwiwar hannun dama, don ba ta samu ƙyalle mai kalar rigar ba. In tana tafiya takan karkata kai gefe kamar mai sauraron wani abu. A gona ta fi maza da yawa saurin karyar masara, kuma da hagu take yi. Fengyun ta dubi hannunta na hagu da ke riƙe da ludayi. Ta sa shi ya maimaita zancen facin sau biyu. Ta tambaye shi ko yanzu da yake ganinta ta tsufa. Ya ce a'a, tana nan yadda take.

"To ai na girme ta yanzu," in ji Fengyun. "Na haife ta ma."

Da za mu tafi, Baba ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran wani abu. Ta gane. Ta ce masa ita ba ta san matar ba balle ta yafe a madadinta, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba don ya ji daɗi. Abu ɗaya take so, ya nuna mata wurin. Shekara da shekaru a mararrabar hanya take ƙona wa uwarta takardar matattu, wadda a al'adarmu ake aika wa mamaci a matsayin kuɗi, ba ta san ko tana isa ba. Yanzu tana so ta ƙona a kanta.

Na je wurin Zang da maganar. Ya saurare ni da kyau, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce ba zai yiwu ba. Ni ma na sani tun kafin in shiga. Tankunan giya dubban tan suna bayan katangar filin, ko ashana ba a shiga da ita, direba in aka kama shi da sigari an kore shi ke nan har abada. Ya ce su ƙona a tsallaken titi, shi zai sayi takardar da kuɗinsa. Fengyun ta ce tsallaken titi da mararrabar Heishi duk ɗaya ne a wurinta.

Duk da haka ta zo a ranar share kaburbura, ranar da ake ziyartar matattu kowace bazara. Na shigar da su a matsayin baƙina. Baba ya taka daga bishiyar zuwa ƙofar rumbun, ya ƙara taku goma sha biyar zuwa arewa, ya nuna ƙasa. Wata mota ce a kan wurin, sai da na roƙi direban ya matsa gaba. Kankare ne kawai da tabon baƙin mai. Fengyun ta ajiye burodin turara uku da tuffa biyu, ta durƙusa. Ba ta yi minti biyar ba na bayan layi suka fara danna ham. Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa, ta kwashe kayanta don kada taya ta bi ta kai.

Bayan wannan takan kira waya lokaci-lokaci ta ce a ba ta Baffa. Ina jin su daga kicin. Ba ta tambayar lafiyarsa, sai dai ko ya gan ta, a ina, me take yi. Shi kuma ya faɗa mata kamar mai ba da labarin maƙwabciya. Na daina hana shi sharar titi. Abin da na yi kawai, nakan juye abin da ya sharo in musanya da tamu in ba ya nan. Ina jin ya sani.

A shekara ta biyu bayan wannan motocin tsohuwar masara suka fara raguwa, don rumbunan sun kusa ƙarewa. Baba ma ya fara raguwa. Da kaka ta zo ya kwanta, likita ya ce ba wata cuta guda da zai nuna, jiki ne ya gaji. Ya rasu da tsakar rana ana tsakiyar girbi, injinan karyar masara na ta ƙara a bayan gida. Kwana biyu kafin nan na tambaye shi ko tana zuwa har yanzu. Ya ce ta daina zuwa kwanar, ta koma can cikin filin masana'anta. Fengyun ta zo jana'iza, ta tsaya a baya, ta tafi kafin a ci abinci.

Daga nan igiyoyin Zang suka juya. Tsohuwar masara ta ƙare sarai, masu kiwon aladu suka dawo kasuwa da yunwarsu, farashi ya yi ta hawa har ya wuce inda yake a dā. Fetur kuma ya faɗi warwas. Baoku ya sayar da masararsa yana tafe yana waƙa, ya saya mini rigar sanyi, ya ce yanzu shi ne mai ciyarwa. A masana'anta kuwa layin motoci ya koma biyar, ya koma biyu. Aka ce za a tsaya wata ɗaya a yi gyara. Wata ɗaya ya zama uku, ya zama shida. Aka kira mu aka ba mu takardun sallama, mu ɗari biyu da wani abu. Aka kwashe giyar da ta rage, aka wanke tankunan. Bututun hayaƙin da na saba gani daga tagar kicin ya tsaya haka nan, garin ya yi wani irin shiru da ya hana ni sakewa na makonni.

Ana saura kwana uku ranar share kaburbura Zang ya kira ni. Ya samu aiki a kudu, yana haɗa kaya. Ya ce tankuna wayam suke, ya yi magana da mai gadi, in Fengyun tana son ƙona takardar har yanzu.

Da ranar ta zo na tarye ta a tashar bas da hantsi. Ta zo da buhu biyu cike da takarda mai ruwan ɗorawa, kai ka ce ƙaura za ta yi. Ta ce na shekarun baya ne duka, tun da ba ta da tabbacin sun isa. Mai gadi ya buɗe mana ƙaramar ƙofa ya biyo mu da bokitin yashi, sabo ya hana shi zuwa hannu sake. Filin ba mota ko ɗaya. Ciyawa ta fara tsirowa ta tsagar kankare, masara ma ta tsiro nan da can daga ƙwayoyin da suka maƙale. Ni na yi takun, ina gajarta ƙafa daidai ta tsoho. Fengyun ta ɗauki guntun bulo ta zana da'ira a kan wurin, yadda ake keɓe wa mamaci rabonsa, ta bar 'yar ƙofa a gefe ɗaya, ta zuba takarda ta kunna.

Ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa tana juya wutar da sanda. Na ji tana gaya wa uwarta sunayen 'ya'yanta da jikokinta, da yawan dinyoyinta, da cewa masara ta yi tsada har tana tunanin rage garken. Ba ta yi kuka ba sai da ta zo kan cewa ta ƙoshi, kullum tana ƙoshi, kada ta damu.

Ni ma na zo da ɗaurin takarda a cikin jakata. Kabarin Baba yana can kan tudu kusa da na innarmu, kuma mun riga mun je da sassafe, amma na kasa barin wannan a gida. Da wutar ta fara lafawa na fito da shi na tambaye ta ko zan iya zubawa a ciki. Ta dubi ɗaurin, ta dube ni.

"A'a, ƙanwata," ta ce. "Zana masa tasa." Ta miƙo mini guntun bulon, ta nuna wani wuri kamar taku biyu daga tata. "Nan ya isa."

Na zana, ta ba ni wuta daga bakin sandarta. Muka tsaya har duka biyun suka cinye, mai gadi ya zo ya watsa yashi a kai. A hanyar tasha ta tambaye ni abin da zan yi yanzu da ba aiki. Na ce ban sani ba tukuna, ɗana yana so in je birni in riƙe masa jariri. Ta ce in ban tafi ba in zo Heishi a wata na biyar ta ba ni 'yan tsakin dinya ashirin in gwada, amma in sani suna da ci. Bas ɗin ƙarfe ɗaya ya zo, na taya ta hawa.